Jawabi Ga Matasanmu: A Nemi Izini Kafin A Zargi Ɗan Kasuwa



Maganata a kan wani ɗan allon lantarki ne mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, amma yaranmu na koya masa kunna famfon ruwa ko ƙararrawar shago.

Kwanan baya wani yaronmu ya sayi irinsa a Ogbunabali, nan Fatakwal. Ya jona shi da kwamfuta mai Ubuntu, sai ta rubuto masa "Permission denied", wato an hana shi izini. Nan take ya ce jabu aka sayar masa, har ya tashi zai koma ya yi rigima. To jama'a, mu da ke zaman baƙunci, rigimar banza ba tamu ba ce. Allon lafiyarsa lau.

Ga yadda abin yake. Kwamfutar tana ba allon wata ƙofa, /dev/ttyACM0 ko /dev/ttyUSB0. Ƙofar nan kuwa 'yan wata ƙungiya ce mai suna dialout kaɗai ke shiga. Kamar baƙo ne ya sauka a zango: sai an kai shi gaban mai unguwa an san da zamansa. Don haka sai ka rubuta:

sudo usermod -a -G dialout sunanka

A wurin "sunanka" ka sa sunan da kake shiga kwamfutar da shi. Sannan ka fita ka sake shiga, in ba haka ba izinin ba zai kama ba.

Hattara da abu biyu. Kada ka manta da -a ɗin nan, domin in babu shi za a cire ka daga sauran ƙungiyoyinka, har ikon sudo ya kuɓuce maka. Na biyu, masu buɗe ƙofar da chmod 666 sun buɗe wa kowa ne, kuma da an zare waya an mayar, aikin ya rushe.

Yaron nan dai a daren ranar allonsa ya yi aiki, bai kuwa ɓata da kowa ba. Saboda haka 'yan'uwa, a riƙa bincike kafin zargi.