Dusa Kaɗai Ba Ta Isa: Yadda Ake Sauya Wa Karfasa Abinci

(Jawabin da aka yi wa masu kiwon kifi da manoman fadama a Rigachikun, Ƙaramar Hukumar Igabi)

   

Yau maganarmu a kan karfasa ce, wadda wasu ke kira gargaza. Kowa a nan ya san ta. Masunta na kamo ta a Kogin Kaduna da dam ɗin Kangimi. Yanzu kuma da yawa cikinmu sun haƙa kududdufi a fadama, ko sun gina kwami na siminti a gida, suna kiwonta.

Amma akwai kuka guda da ake yawan yi. Mutum zai yi wata shida yana zuba dusa safe da yamma. Ranar kamu sai ya ga kifin bai kai tafin hannu ba. Kuɗi sun tafi, wahala ta tashi a banza. Sau da yawa laifin na abinci ne. Wanda aka ɗora wa tuwo kullum, ba miya, ba wake, ba nama, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. Haka kifi yake.

Mu san halin karfasa tukuna

Karfasa kifin Afirka ce tun asali. A ƙasar Masar an ga zanenta cikin kududdufi a jikin bangon wani tsohon kabari, wanda ya kai shekara 4,000. Har yanzu Masar ce kan gaba wajen kiwonta a Afirka, ƙasar Sin kuma a duniya.

Tana da dangi masu yawa. Masana na kiran danginsu duka da suna sikilid. A Tafkin Malawi kaɗai akwai fiye da iri 500, masu launi shuɗi da rawaya da ja. Mutanen Turai da Amurka na ajiye su cikin akwatin gilashi a ɗaki don ado. Masu wannan kiwo sun gano abu biyu. Idan aka tsare kifin kan abinci iri ɗaya, launinsa kan dushe, ƙarfinsa ya ragu. Idan kuma aka cika wa mai cin ganye abinci mai nama, cikinsa kan kumbura, har ya mutu. Abincin wani gubar wani ke nan. Darasin ya shafe mu: a sauya abinci, amma a bi halin kifin.

To, mene ne halin tamu karfasar? A cikin kogi tana cin gansakuka, da ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, da ganyaye masu laushi, da 'yan ƙwari. Tumbinta ƙarami ne. Hanjinta kuwa dogo ne, ya ninka tsawon jikinta sau da yawa. Saboda haka tana iya narkar da ganye fiye da tarwaɗa. Kuma ta fi son ta ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni.

Abinci iri uku

Na farko, abinci mai ba da ƙarfi. Shi ne dusar masara, dusar dawa, dusar alkama, dusar shinkafa da garin rogo. In za ku sayi dusar shinkafa, ku murza ta a hannu. Wadda ɓuntu ya yi wa yawa ba ta da amfani, cika ciki kawai take yi.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Abin da ke gina jiki ana kiransa furotin. A dusar masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Karfasa mai tasowa kuwa tana bukatar kashi 25 zuwa 30. 'Ya'yan kifi ƙanana suna bukatar kashi 35 zuwa 40. Kun ga inda gizo ke saƙa. Dusa ba ta kai ko rabin bukatar kifin ba. Abin da zai cike giɓin yana nan kusa da mu: tunkuza ko ƙuli-ƙuli, mai furotin wajen kashi 40, waken soya, shi ma wajen haka, da garin busasshen kifi, wanda ya haura kashi 50. Akwai kuma na kyauta: gara, shinge da ke fitowa farkon damina, tana, da tsutsar da ke tashi a kashin kaji.

Na uku, abinci mai kare lafiya. Shi ne ganye: zogale, ganyen dankalin Hausa, ganyen gwanda, alayyafo, da ragowar latas da kabeji na lambu. A nan kifi ke samun bitamin.

Kada a manta abincin da ruwan kansa ke yi. Idan kududdufin ƙasa ne, a zuba kashin kaji ko na shanu cikin buhu, a ɗaure, a jiƙa shi a gefe guda. Cikin 'yan kwanaki ruwan zai zama kore. Wannan koren abinci ne, kuma karfasa na tace shi duk wuni. Ga yadda za ka auna: tsoma hannunka cikin ruwa. In tafin hannunka ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, ya yi daidai. In ya ɓace tun a wuyan hannu, taki ya yi yawa, cire buhun. In kana ganinsa har kafaɗa, ƙara taki. Mai kwamin siminti ba ya samun wannan gata sosai. Shi dole abincin da yake zubawa ya zama cikakke.

Haɗin gida

Ga misalin haɗi na kilo 10, don kifi mai tasowa. A yi awo da sikeli. Mudu ba zai yi ba, domin mudun dusa da mudun wake ba nauyinsu ɗaya ba.

Dusar masara, kilo 4.
Tunkuza busasshiya, kilo 3.
Waken soya soyayye, kilo 1.
Garin kifi, kilo 1.
Garin zogale, rabin kilo.
Garin rogo, rabin kilo.

A niƙa su duka su yi laushi. A dama garin rogon da ruwan zafi kamar koko, a kwaɓa sauran da shi, don haɗin ya kama jiki kada ya watse a ruwa. A matse shi ta injin niƙa nama ko ta gwangwani mai huji, ya fito kamar taliya. A shanya ya bushe ƙarau, a kakkarya daidai bakin kifi. Wannan haɗi na ba da furotin wajen kashi 27 cikin 100.

Bayan wannan haɗi, a riƙa jefa ɗanyen ganye sau biyu ko uku a mako. Ranar da aka samu gara ko shinge, a ba su. Ta haka abinci ke sauyawa ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Masu kiwo sun san abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kan kifi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma, kuɗin kaya da na mota suka tashi. Duk abin da ka samo daga gonarka, riba ce.

Abubuwan da za a kiyaye

Ɗaya: kada a ba kifi ɗanyen waken soya. Yana da wani abu da ke hana abinci narkewa. A soya shi ko a dafa tukuna.

Biyu: ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa suna da guba. Sai an yanka an shanya sun bushe.

Uku: zogale magani ne, amma kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na haɗi. In ya yi yawa, kifi kan rage ci, girma ya ja baya. Haka ma angurya, kaɗan ake sa ta.

Huɗu: dusa ko tunkuzar da ta yi funfuna a zubar da ita. Funfunar gyaɗa da masara na ɗauke da guba mai lalata hanta. A ajiye buhu a kan katako, nesa da danshi. Kada a yi haɗin da zai wuce wata ɗaya a damina.

Biyar: ƙuli-ƙulin kasuwa mai yaji da gishiri da yawa bai dace ba. A nemi tunkuza wurin mata masu matsar mai.

Shida: kada a sauya abinci rana ɗaya. A gauraya sabo kaɗan cikin tsoho, a riƙa ƙarawa har mako guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Nawa za a ba su, kuma yaushe?

Kifi mai tasowa yana cin wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinsa a rana. Misali, kana da kifi 100, kowanne giram 100. Nauyinsu duka kilo 10 ne. Abincinsu na rana giram 300 ke nan. Auna shi sau ɗaya a sikeli, ka sa alama a jikin gwangwani. Raba shi biyu ko uku: da hantsi, da azahar, da la'asar. Bayan kowane mako biyu a kamo guda goma a auna, a gyara lissafi. A zuba abinci wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Abin da ba su cinye ba cikin minti 15 ya yi yawa, gobe a rage.

Ku kula da hunturu. Karfasa ta fi ci idan zafin ruwa ya kai digiri 27 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20, sai ta rage ci ƙwarai. Don haka a watan Disamba da Janairu a rage abinci, kuma a jira rana ta ɗaga kafin a zuba. Abincin da ya nutse bai ciyu ba ruɓewa yake yi, ya cinye iskar da ke cikin ruwa. In ka zo da asuba ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, kada ka ba su abinci ranar. Rage tsohon ruwa, ka ƙara sabo.

Abu na ƙarshe. Karfasa na hayayyafa da wuri, uwar kuma tana ɓoye ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. In 'ya'ya suka cika kududdufi, kowane irin abinci ka zuba ba zai isa ba. A riƙa kwashe ƙanana da koma, ko a saka tarwaɗa kaɗan ta rage su, ko kuma a sayi irin da maza ne zalla.

Wanda yake neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Akwai cibiyar yaɗa ilimin noma ta NAERLS a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja, kusa da dam ɗin Kainji, wadda ta faro tun 1968.

Jama'a, abin da nake roƙo shi ne kowa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da ya zuba kifi, da irin abincin da ya ba su, da kuɗin da ya kashe, da nauyinsu duk mako biyu. Ranar kamu littafin nan zai gaya masa haɗin da ya fi masa riba, sai ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Allah ya sa albarka a kiwonmu da nomanmu, ya ba mu damina mai albarka.