Wutsiyar Aikatau: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da suka taso daga Anka, Gummi da Bukkuyum, ina yi muku barka da zuwa. Da aka ce in yi magana a kan Turanci a gaban waɗanda suka koya mini shi, sai da gabana ya faɗi. To amma ɗa ba ya ƙin aiken iyaye, saboda haka in na yi kuskure, malamai a gyara mini kamar yadda aka saba.

Zan fara da abin da ya same ni a shekarar da na kama aikin gwamnati. An tura ni duba wani gini, na dawo na rubuta cewa "the contractor complete the work". Maigidana a ofis ya kewaye kalmar complete da jan biro, ya kira ni ya ce, "Malam, ya gama ne, ko yana cikin yi, ko kuwa zai gama? A kan wannan takarda za a biya kuɗin jama'a." Ga digiri a hannuna, amma harafi ɗaya ya kunyata ni. Ranar na tuna da malaminmu na aji ɗaya yana buga allo yana cewa mu kula da wutsiyar aikatau.

Dalilin da ya sa wannan abu yake kayar da mu shi ne Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye lokaci ba. Bahaushe yana ɗora lokaci a kan kalmar da ke gaban aikatau: na gama, zan gama, nakan gama. Mu nan yamma ma har muna da namu munka da sunka, inda Bakano zai ce muka da suka. Duk canjin a gaba yake. Shi kuwa Bature sau da yawa a wutsiya yake sa nasa, mu kuma kunnenmu bai saba jiran wutsiya ba.

Abin farin ciki, aikatau mai bin ƙa'ida siffa huɗu kawai gare shi. Mu ɗauki work, wato yin aiki: work, works, worked, working. In abin sabo ne, a ce I work, amma mutum ɗaya da ake magana a kansa sai an ƙara masa s, he works. In ana cikin yi, I am working. In ya wuce, I worked. In zai zo, I will work. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe dubban aikatau, domin clean da approve da visit duk hanya ɗaya suke bi. Sai ɗan gyaran rubutu: stop ya zama stopped, carry ya zama carried. Wajen furuci kuma, wutsiyar worked kamar t take fita, ta cleaned kamar d, ta visited kuwa gaɓa ce cikakkiya.

Akwai ramuka biyu da na ga manya da yara suna faɗawa. Na farko, "na yi aiki" ɗaya ce a Hausa, amma a Turanci ta rabu biyu. In an ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara, sai a ce I worked yesterday. In kuwa ana nufin aikin ya kammala kuma amfaninsa yana nan, sai I have worked, ba a haɗa shi da yesterday. Na biyu, idan did ta shigo, ita ta ɗauke lokacin, aikatau ya koma yadda yake. Saboda haka I did not work ake cewa, ba a ƙara ed.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta aji kawai. Dukanmu muna tune da annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. An yi alkawarin kuɗin share ƙasar Bagega a 2012, amma ba a sake su ba sai farkon 2013, kuma likitocin MSF ba su iya fara yi wa yaran garin magani ba sai da aka fara sharar. Tsakanin will release da released akwai watanni, kuma a cikin watannin nan yara suna wasa a gurɓatacciyar ƙasa. Wanda zai karanta wa mutanensa takardar hukuma dole ya iya raba alkawari da cikawa.

Yanzu ga ƙannenmu a baya. Ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ba shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, kuma JAMB ma ba ta ɗauke wa kowa Turanci. Bugu da ƙari, rufe makarantun jihar nan da aka yi a 2021 saboda rashin tsaro ya bar giɓi a karatun yara da yawa.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu ɗaya. Duk wanda ya zo gida hutu ya ba 'yan ajin ƙarshe awa biyu ranar Asabar, da izinin shugaban makaranta. A ɗauki aikatau ɗaya, a sa kowane yaro ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda yake yi yanzu, da wanda zai yi gobe, da Hausa sannan da Turanci. Ni na sa sunana farko a takardar da ke hannun sakatare.