Jawabin Magatakarda: Kuloci da Fulawil, A Saya Daidai da Aikin Mota

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, direbobi da 'yan uwa na Zangon Wagadugu, barkanmu da zagayowar wannan rana.

Maganarmu yau a kan kuloci ce. Matasanmu masu motoci masu ƙarfi sun fara yayin kulocin tsere da fulawil mara nauyi, har wasu na son sa irinsu a motocin kaya. Mu yi hattara.

Fulawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji. Nauyinsa ke riƙe juyin inji lokacin da mota za ta tashi da lodi. In an rage shi, mota ta riƙa mutuwa wajen tashi. Kulocin tsere kuwa kamunsa na fizga ne, yana cin fuskar fulawil. A layin iyakar Dakola da Paga, inda ake matsawa taku-taku, wahala ce zalla.

Shawararmu uku ce. A sayi kuloci daidai da ƙarfin inji da nauyin kaya. A canja faifai da murfin da ke danna shi da boris ɗinsa a tashi ɗaya, tunda sauke giya ne babban aiki. Makaniki ya duba fulawil: in ya ƙone a gyara fuskarsa, in ya tsage a canja.

Albasar Galmi da goron Kumasi ba sa jiran mota a daji. Araha ba ta ado.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.