Rumbun Abinci A Birni: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Yunwar birni dabam ta ke da ta ƙauye. A ƙauye in damina ta ƙi, kowa ya sani, dagaci ya kan kai wa Hakimi labari tun kaka ba ta wuce ba. A birni kuwa kasuwa cike ta ke, amma sai mutum ya kwana bai ci kome ba, maƙwabcinsa bai sani ba. Wannan jawabi labarin wani mutum ne wanda ya ba da ƙarfinsa ga maganin wannan abu.

Sunansa John van Hengel, an haife shi a Amurka cikin 1923. Ya yi aikin talla da ciniki, sa'an nan rashin lafiya ta kai shi birnin Finiks a jihar Arizona. A can ya shiga taimako a wani gida inda a ke dafa wa matalauta abinci. Ya kan bi gidajen mutane da tsohuwar mota yana roƙon lemon da ya yi musu yawa.

Bisa ga yadda ya ba da labari, wata rana ya gamu da wata mace mai 'ya'ya goma, wadda ta ke ciyad da su da abin da ta tsinto a bayan manyan kantuna. Da ya je ya duba sai ya tarar abinci ne mai kyau, gwangwani ne kawai ya lotse, ko burodi ya kwana. Matar ta ce da ma a sami wurin da mai rara zai ajiye, mabukaci ya zo ya ɗiba, kamar yadda a ke yi da kuɗi a banki.

Cikin 1967 cocin St. Mary ya ba shi wani tsohon gini da rancen dala 3,000, ya buɗe rumbun farko na irin wannan, wanda can su ke kira bankin abinci. A shekarar farko an raba abinci fiye da laba 250,000.

To, ga yadda aikin ya ke. Masu kantuna da manoma su kawo abin da ba za su sayar ba, a auna, a duba, a zubad da wanda ya lalace, a rubuta saura. Sa'an nan gidajen ciyad da mutane su zo su karɓa, a rubuta abin da kowa ya ɗauka.

Amma fa da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Abincin kyauta ne, mota da mai da ɗakin sanyi da albashin direba kuwa sai da kuɗi. Saboda haka neman gudummawa ya zama sana'a mai zaman kanta. Mai wannan aiki shi ke rubuta wasiƙu, ya ziyarci attajirai da kamfanoni, ya ba da rasiɗi, shekara ta kewayo ya koma ya nuna musu inda kuɗinsu ya shiga. Wanda ya ga lissafi sarai ya kan ƙara bayarwa. Wanda aka ɓoye masa ba ya komowa, kuma ya kan hana waninsa.

Cikin 1976 aka yi doka ta rangwanta haraji ga kamfanin da ya ba da kayansa, abinci ya ƙaru ƙwarai. Cikin 1979 aka haɗa rumbunan cikin ƙungiya guda, wadda tun 2008 a ke kira Feeding America. Kanada ta buɗe nata a 1981, Faransa a 1984. Shi kuwa ya rasu a 2005.

Hakimai sun san rumbun tsimi, sun san ba ya amfani sai an san damin da ya shiga da wanda ya fita. Haka wannan ya ke. Duk inda aka tashi tara wa mayunwata gudummawa, ya kamata Hakimi ya fara tambaya wa ke riƙe da littafi, malaminsa kuma ya tsare kada a karɓi ko mudu guda ba a rubuta ba. Hakkin talaka ne, za a kuwa tambaya ranar gobe.

Allah ya kiyashe mu da yunwa, amin.