Ba Kowane Ciwon Gaɓoɓi Ne Sanyi Ba: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Libreville

 

Mu masu hulɗa da shanu, ƙafa da baya su ne jarinmu. Wanda gwiwa ta kayar ba ya bin garke, ba ya rako shanu daga Kamaru ta Bitam har Libreville. Amma da gaɓa ta motsa sai mu ce sanyi ne, mu ɗora wa ruwan saman garin nan laifi, mu sayi ƙwaya a bakin kasuwa. Alhali ciwon iri-iri ne, kowanne da sanadinsa. Ga uku da suka fi shafarmu.

Na farko shi ne na shekaru da wahala. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne yake cinyewa, musamman a gwiwa da ƙugu. Yana zuwa a hankali, yana tsananta bayan doguwar tafiya, ya lafa in an huta. Ba ya zuwa da zazzaɓi.

Na biyu na sauro ne, ana ce masa cikungunya. A Tanzaniya aka fara gano shi a 1952. A 2007 ya ɓarke a nan Libreville, ya kama kimanin mutum 20,000. Sauron nan mai zanen fari da baƙi da rana yake cizo, kuma a ruwan da ya kwanta cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yake hayayyafa. Alamarsa zazzaɓi farat ɗaya, ƙuraje, da raɗaɗi a wuyan hannu, idon sawu da yatsu, har mutum ya duƙe. Ciwon yakan yi watanni bayan zazzaɓin ya tafi. A sha farasitamol, kada a taɓa asfirin kafin gwaji, domin zazzaɓin dengi yana kama da shi, asfirin kuwa yana iya jawo wa mai dengi zubar jini.

Na uku daga dukiyarmu yake, wato bakkale. Mun san shi a jikin saniya: ɓari in ciki ya tsufa, mahaifa ta maƙale, gwiwa ta kumbura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yana kama mutum, ta ɗanyar madara, ko ta taɓa ɗan ɓari da mahaifa da hannu tsirara, ko wajen fiɗa. Alamarsa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, kasala, ciwon ƙugu da gadon baya, wani lokaci da kumburin maraina. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Gwajin jini ke nuna shi, maganinsa kuma iri biyu ne a haɗe, ana sha aƙalla mako 6. Wanda ya tsaya a rabi, ciwon yakan dawo.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ciwon gaɓa ya haɗu da zazzaɓi, a nufi asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa sana'armu shanu ce. A tafasa madara. A sa safar hannu ko leda wajen karɓar haihuwa, a binne ɗan ɓari. A kife duk abin da ke tara ruwa a gida da kara. Ƙwayoyin kashe raɗaɗi kuwa, yawan shansu yana cin ciki, yana lalata ƙoda.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya albarkaci dukiyarmu. Wassalam.