Kawunan Nok: Kowa da Yadda Yake Ganinsu



Maganata a yau a kan kawunan nan ce na gasasshen yumɓu da ake tonowa a ƙasar nan, waɗanda ake kira kayan Nok. Shi Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928.

To, wajen 1943 aka tono wani kai a nan yankin Jama'a. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa, ya mai da shi mutum-mutumi. Da wani Bature, Bernard Fagg, ya gani, sai ya gane tsohon tarihi ne. Daga baya masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka soma bincike a 2005, suka tabbatar wasu sun haura shekara 2,500.

Mu da muka yi Islamiyya, da mun ga irinsa sai mu ce gunki. Hukuncin sassaƙa sura malamai sun faɗa, ba musu. Amma ku sani, waɗanda suka gina su ba su bar rubutu ba, balle a rantse bauta musu aka yi. Maƙwabtanmu mutanen Ham kuwa, abin alfaharin ƙasarsu suke gani. Don haka mu iya bakinmu in muna zaune da su. Kafanchan ta sha wuya, kowa ya sani.

Sai mu 'yan kasuwa, da komai muka gani haja ce. A shekarun 1990 an yi ta haƙe gonaki ana fita da kayan nan, har a 2000 aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faransa, Nijeriya ta yi ƙorafi. Dokar 1979 ta hana cinikinsu, kuma in aka kama dillali guda, ba shi kaɗai za a zaga ba, Hausawan gari za a ce.

Saboda haka 'yan'uwa, in aka kawo muku irin wannan a buhu, ku ce ba kwa saye, a kai wa hukumar gidajen tarihi. Allah ya zaunar da mu lafiya, ya ba mu halal.