Shekarar Farko ta Ma'aikaciyar Jinya Amana Ce a Wuyanmu



Ya ku 'yan'uwa maza da mata, duk wanda ya taɓa kwanan jinya a Asibitin Murtala, ko ya kai yaro Asibitin Hasiya Bayero a nan cikin birnin Kano, ya san idan dare ya tsala, ma'aikaciyar jinya ce ke tsaye a kan majiyyaci. To, waɗannan bayin Allah suna ta tafiya. A shekarar 2024, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru uku.

Albashi yana cikin dalilai, babu shakka. Amma akwai wani dalilin da ba mu cika ambata ba, wato yadda ake karɓar sabuwar ma'aikaciya. Makaranta tana koya mata allura da auna jini, amma tsayuwa ita kaɗai a gaban mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, wannan sai a gefen gwana ake koyonsa. Wadda aka haɗa da babbar ma'aikaciya tana nuna mata, tana gyara mata kuskure cikin sirri, zuciyarta takan zauna. Wadda kuwa aka jefa aikin dare ba jagora, tun watan farko take neman mafita.

Mun ga darasi a shirin ungozoma na gwamnatin tarayya na 2009. An tura sababbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya zuwa ƙananan asibitocin karkara, amma a wurare da dama rashin masauki da jinkirin biyan alawus suka sa da yawa suka ajiye aikin. Horo ba kulawa, shuka ce ba ban ruwa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. A tantin Rufaida Al-Aslamiyya aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Saboda haka muna kira ga hukumomi su tsara wa kowace sabuwar ma'aikaciya shekara guda ta horo ƙarƙashin jagora. Iyaye da mazaje su sauƙaƙa wa mai aikin dare. Mu kuma masu jinya mu tsare harsunanmu, domin tsawa ɗaya kan iya kashe zuciyar mai koyo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu kula da su da alheri.